Gwandar Bayan Ɗakin Inna

Nakkasa, Makka
9 ga Muharram, 1435

Zuwa ga Kaka Garba, a Kura.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da lambu. Ni ce Minnatullah 'yar Yunus, jikar yayarka Asiya. Ba ka taɓa ganina ba. Shekarata goma sha shida.

Ka yi haƙuri da Hausata. A nan aka haife ni, Larabci muke yi a makaranta, kuma in na buɗe baki sai harsunan biyu su cakuɗe a yi min dariya, shi ya sa ba na yawan magana. Rubutun kuwa a littattafan soyayya na koya, waɗanda alhazai mata ke mantawa a masaukin Aziziyya inda Ummi ke musu girki. In ka ga wata magana ta yi kama da ta littafi, daga can ne. Na zaɓi takarda saboda ina ganin yadda kuke yi da Sitti a waya. Sitti shi ne kaka a bakinmu na nan. Tana ɗaga murya, kana ɗaga murya, kunnenka bai ji ba, sai ta ajiye ta yi ta share ido.

Alhaji Awwalu ya kawo ƙullin 'ya'yan gwandar da ka aiko. Ka san idon Sitti ya tafi shekara uku ke nan, don haka a tafin hannunta na zuba mata. Ta shinshina. Daga baya ta ba ni labarin da ko Abba bai taɓa ji ba. Ta ce ranar da za su taso daga Kura ita da marigayi kakanmu, akwai wata babbar gwanda a bishiyar bayan ɗakin Innarku, ta fara ja daga ƙasa. Inna ta ce ta jira kwana uku ta nuna. Mota ba ta jira ba. Sai Sitti ta ce, "A ajiye min, in na dawo na sha." Ta ce kai aka sa gadinta saboda tsuntsaye, kana ɗan shekara shida. Yau shekara hamsin da biyu.

Kaka, Sitti ba ta cin abinci sosai yanzu, ƙafafunta sun kumbura, likita ya ce ba zancen tafiya mai nisa. Abba ya taɓa sayo mata gwanda a baƙala, wato kantin unguwa, ta ɗanɗana ta ture, ta ce kabewa ce aka yi wa kwalliya. Ni dai na yi wa zuciyata alkawari sai ta sha ta gidanku tun tana da rai. Ban gaya wa kowa ba sai kai.

Unguwarmu dutse ce, ba ƙasa. Abba ya hau min da duro uku kan sutuh, wato rufin gida, ya samo ƙasa da kashin tumaki daga kasuwar dabbobi. Ruwa a mota ake kawo mana shi gindin dutse, ba ya isa, don haka na ajiye kwano a inda ake alwala, duk abin da ya taru nasu ne. Huɗu sun fito! Uku suna duro, ta huɗun tana gwangwanin madara. To wannan ta huɗun ba ta hannuna yanzu. Akwai wata Khala Sa'adiya, wato gwaggo a bakinmu, mai sayar da yaji da gyaɗa, Bahaushiyar Sudan ce, gidanta yana can ƙololuwar dutse, in ta yi magana har masallacin ƙasa ana ji. Ta zo aron rariya, ta biyo ni sama, ta ga gwangwanin ta ce wannan nata ne. Ina kallo ta tafi da shi. Tsoronta nake ji.

Don Allah ka koya min yadda ake rainonsu. Na gode, na gode da abin da ka sa a hannun Sitti.

Jikarka,
Minnatullah


Kura
14 ga Safar, 1435

Zuwa ga amaryata ta Makka.

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso, Ummulkhairi 'yata ta karanta min da ƙarfi a kunnen dama, ita ce kuma ke rubuta wannan. Ashe ina da mata a Makka ban sani ba, ina nan ina fama da tsofaffi. Hausarki ta fi ta yaran nan namu masu danne-dannen waya.

Ki karanta wa Yaya Asiya wannan. Gwandar nan na yi gadinta kwana tara. Ta nuna, ta yi laushi, kowa ya miƙo hannu sai na yi kuka na ce ta Yaya ce. Ran na goma ta faɗo ta fashe. Inna ba ta dake ni ba. Ta kwashe 'ya'yan ta wanke ta shanya, ta shuka a wurin. Gwanda ba ta da tsawon rai, shekara huɗu ko biyar ta gaji. Amma duk wadda ta gaji sai na ɗebi 'ya'yanta na mayar a bayan ɗakin nan. Abin da ke duronki jinin waccan ce, ba gauraye.

Yanzu ga karatu. Ki duba ƙasan duron, in ba huji a huda, don gwanda tana son sha amma ba ta son ƙafarta cikin ruwa. Ruwan alwala ya yi, har da albarka, amma ban da mai sabulu. In ganye ya fara rawaya ki barbaɗa toka kaɗan nesa da gindi. Na ji ranar garinku ba ta da wasa, ki ɗaura musu buhu daga yamma. Kada ki motsa su, gwanda in ta zauna ta zauna.

Wata biyar ko shida za su yi fure. A lokacin ki rage su tunda ruwa ya yi miki kaɗan. Ki bar mace ki sare namiji, shi ba ya haihuwa, shan ruwa kawai ya iya, kamar wasu da na sani a majalisarmu. Bambancin a fili yake.

Zan ba masu Umara wannan. Ki gaishe da Yunus da uwarki. Allah ya yi miki albarka.

Mijinki tsoho,
Garba mai lambu


Nakkasa
6 ga Jimada Ula, 1435

Kaka Garba,

Assalamu alaikum, da fatan sanyi ya bar ku lafiya. Sau uku na karanta wa Sitti takardarka. Da na zo wurin kwana tara sai ta rufe fuska da mayafi, ta ce tun yana ƙarami taurin kai gare shi. Ranar ta ci rabin kwanon kunu.

Kaka, albishir. Sun yi fure! Dukkansu sun fi ni tsawo. Kullum in na dawo daga makaranta a inuwarsu nake karatu, har ina karanta musu wuraren da suka fi daɗi a littattafaina, kada ka yi dariya.

Gaskiyarka, bambancin a fili yake. Ɗaya ta fito da wasu dogayen zare, kowanne ɗauke da ƙananan furanni farare masu ratsin rawaya, suna lilo kamar sarƙoƙin amarya ran kai ta ɗaki. Da yamma ƙamshinta har tsakar gida. In iska ta kaɗa sai ta sunkuyar da kai. Da na gan ta na ce ga amaryar. Sauran biyun ba ado ba ƙamshi, wani ƙullutu ne guda guda maƙale a hammatar ganye, sun tsaya ƙiƙam kamar masu gadi. Na ji tausayinsu, amma na yi yadda ka ce. Na ari wuƙar Ummi na sare su. Yanzu duk ruwan alwalar gidanmu na amarya ne ita kaɗai.

Na tsinko zare ɗaya na kai wa Sitti, tunda ba ta iya hawa sama. Ta shafa shi daga sama har ƙasa, ta sake shafawa. Ta tambaye ni sauran fa, na ce na sare su. Sai ta ce, "Allah ya yi miki albarka, 'yar nan," ta juya ta fuskanci bango. Ina ga farin ciki ne ya yi mata yawa, don tun ranar ba ta ƙara tambayata zancen gwanda ba.

Abu ɗaya ne ban gane ba. Furannin suna zubewa, wasu su fito, amma ban ga ɗa ba tukuna. Kwana nawa ake yi?

Taka mai godiya,
Minnatullah


Kura
2 ga Jimada Sani, 1435

Amaryata,

Bayan gaisuwa. Ki zauna kafin ki karanta.

Kin kori amare biyu kin bar ango. A gidan gwanda namiji ne mai sarƙa da turare. Macen ita ce mai ƙullutu guda a hammatar ganye, manne da jiki, in ya buɗe za ki ga wani ɗan kore mai kamar ƙwai a cikinsa, shi ne gwandar. Ummulkhairi ta ajiye biro ta yi salati da ta zo wurin wuƙa.

Kada ki yi kuka, laifin nawa ne, kuma biyu ne. Na farko, na ce miki a fili yake, alhali a fili yake ga wanda ya tashi a lambu. Na biyun ya fi girma, sai da na kwana ina juyi na gano shi. A nan Kura muna sare namiji ne saboda akwai na maƙwabta, ƙwari su ɗebo garin furensa su kawo wa namu mata ba tare da an roƙe su ba. To a kan dutsenku wa ke da namijin gwanda? Da kin bi maganata daidai, da kin sare shi kin bar mata biyu suna fure yana zubewa har su tsufa. Kuskurenki ya rufa wa nawa asiri.

Akwai masu cewa a buga wa namiji ƙusa ko a fille masa kai zai juya ya haihu. Na gwada ina saurayi, na yi asarar ƙusa. Kada ki taɓa shi.

Na sa an sake karanta min takardarki ta farko. Huɗu kika ce sun fito. Ina ta gwangwanin madara? Ki hau wurin matar nan mai murya ki duba. In ta rayu, in kuma mace ce, ga aikinki. Da sassafe ki tsinko furen namiji wanda ya buɗe sabo, ki yage fararen ganyensa har ki ga garin rawaya. Ki kai shi ki goga a hankali a kan macen da ta buɗe a ranar, a bisa ɗan koren nan inda ya yi kamar yatsu. Duk furen da ya buɗe haka za ki yi masa. Aikin ƙwaro ne, amma tunda babu, ke ce ƙwaron.

Zan iya aiko wasu 'ya'yan, sai dai shekara ce sabuwa, kuma ni da ke mun san abin da muke gudu. Na san kina tsoronta. Ki je.

Garba


Nakkasa
11 ga Ramadan, 1435

Kaka,

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Ka yafe min jinkiri, na ƙi rubutowa ne sai ina da abin faɗa.

Na yi kukan, duk da ka hana. Kuma laifin ba naka ba ne kai kaɗai. Tun farko ban tabbata ba, na so na tambaye ka, amma na ji kunyar rubuta wa babba tambayar mace da namiji, ga Anti Ummulkhairi ce za ta karanta. Sai na bi abin da littattafaina suka nuna min, cewa mai ado ita ce mace.

Na je na durƙusa gaban Sitti na faɗa mata. Ashe ta sani. Tun ranar da ta shafa zaren ta gane namiji ne, ta yi shiru don kada ta karya min zuciya. Wata guda tana haɗiye abin ita kaɗai. Ta ce, "Ni da ke ciwonmu ɗaya, shiru. Tashi ki hau."

Matakala ɗari biyu da goma sha huɗu ne zuwa gidan Khala Sa'adiya, na ƙirga don kada na juyo. Ummi ta raka ni ta tsaya a ƙofa. Ina shiga na ga gwandar, Kaka. Khala ta dasa ta a wata tsagar dutse kusa da wurin wanke-wanke, ta wuce katanga, kuma ga ƙullutu guda guda a hammatar ganye. Khala tana daka yaji, ta ce gwara da na zo, na kwashe tsiyata, bishiya sai fure kamar abin kirki ba ta taɓa riƙe ko ɗaya ba, jibi za ta sa a sare ta ta sami wurin shanya.

Na fara bayani, idona a ƙasa. Ta ce ba ta ji. Na sake, ta ce ita fa ba ta jin harshen sauro. Da ƙyar ta tsinci zancen, sai ta ajiye taɓarya ta riƙe ƙugu.

"Ya bitti, 'yar nan, wato neman aure kika zo yi wa ɗanki?"

Na ɗaga kai alamar e.

"To ni ba na ba da 'yata ga dangin da ba sa magana. Faɗi da baki, maƙwabta su shaida."

Kaka, ban san inda muryar ta fito ba. Na ce ina nema wa gwandata auren gwandarta saboda Sitti Asiya ta sha kafin ta mutu. Da Hausa na faɗa, har da Larabci a ciki, kuma ba wanda ya yi dariya. Khala ta ce ita a hanyar hajji aka haife ta, ita ma ba ta taɓa ganin garin uwarta ba. Sannan ta daka min tsawa wai me nake jira, ina angon.

Tun daga ranar, kullum gari ya waye kafin makaranta ina hawa da furanni a cikin kofin shayi, na rufe da tafin hannu saboda iska. Khala tana riƙe min kujera ina gogawa, tana yi wa bishiyar faɗa wai ta kama kanta ta daina zubar da mutuncin gida. Fure goma sha ɗaya na yi wa. Zafin Rajab ya zubar da bakwai. Khala ta cire tsohon mayafinta mai faɗi ta ɗaura musu rumfa, kuma ta daina wanke-wanke da sabulu a wurin. Huɗu sun kama. Babbar ta kai kan jariri, koriya shar.

Sitti ba ta azumi bana, likita ya hana. Ta rame, wani lokacin tana kirana da sunan wata Hajara da ban sani ba. Amma kullum na sauko sai ta sa na gwada mata girman babbar da hannuna a cikin nata. Na tambaye ta ko za ta iya jira. Ta ce wadda ta yi hamsin da biyu ba wata uku ne zai gagare ta ba, in Mai rai ya yarda.

Ka taya mu addu'a a goman ƙarshe. Ni ma ina sa ka a tawa duk ranar da muka sauka Harami.

Jikarka,
Minnatullah


Nakkasa
17 ga Zulhajji, 1435

Kaka Garba,

Assalamu alaikum, barka da Sallah. Sitti ta sha.

Na bi yadda Inna ta ce, da ta fara ja daga ƙasa muka ba ta kwana uku. Ni na yi gadin, da sanda, saboda tsuntsaye. Ran Talata da hantsi Khala Sa'adiya ta tsinke ta da kanta, ta ɗora a faranti ta rufe da sabon ƙyalle, ta sauko matakalar nan duka tana guɗa. Mata suka leƙo suna tambayar auren wa ake yi. Ta ce haihuwa ce, su matsa.

Abba ya yanka. Cikinta ja ne kamar manja. Na kawo cokali, Sitti ta ture, ta sa hannu. Ta kai baki, ta rufe idon da ba ya gani, ruwan yana bin haɓarta. Ba wanda ya yi motsi a ɗakin, har Khala. Can sai ta ce, a hankali, ba da mu take ba, "Inna, na dawo." Ta shanye yanka biyu. Da Khala ta tambaye ta ya ta ji, ta ce ba ta kai ta bayan ɗaki zaƙi ba, amma ita ce, a ƙaro.

Ta ce na rubuta maka haka, ba ƙari ba ragi: "Garba, ka sauka daga gadi. Na karɓi ajiyata."

Saura uku a bishiya, kuma ina ci gaba da hawa da kofina. Ango yana nan da sarƙoƙinsa, na daina jin haushinsa. Khala ta ce yanzu ni surukarta ce, ta ba ni gyaɗa, kuma na iya ce mata a'a sau ɗaya.

Ga ƙulli nan a hannun Alhaji Awwalu, a tsummanka na bara. 'Ya'yan wadda Sitti ta sha ne, ita ta wanke su da hannunta, ni na shanya. Ban san kalmar da ta isa ba a duk littattafan da na karanta. Na gode, Kaka.

Amaryarka ta Makka,
Minnatullah


Kura
20 ga Muharram, 1436

Amaryata,

Saƙo ya iso. Ummulkhairi ta karanta min maganar Yaya sau ɗaya, na ce ta isa, na ji.

Na shuka su a bayan ɗakin Inna. Shida sun fito. Ki gaya mata na sauka.

Ba zan sare ko ɗaya ba.

Garba